Daga Luksor Zuwa Askalan: A Kan Sawun Filistiyawa

Yawancin masu zuwa Luksor Kwarin Sarakuna suke nufa, su leƙa kabarin Tutankamun, su zaga Karnak, su koma masauki. Mu kuwa da muka tsallaka Nilu a jirgin fito da sanyin safiya, kudu muka ce wa mai tasi ya yi da mu. Muka wuce manyan gumakan nan biyu da ke zaune a bakin gonaki, muka sauka a Madinat Habu. Haikalin Fir'auna Ramsis na Uku ke nan, kuma a jikin bangonsa na arewa, ta waje, akwai zane mafi daɗewa da aka sani na mutanen da tarihi ke kira Filistiyawa. Masarawa sun rubuta sunansu Feleset.

Sassaƙa ce mai zurfi a jikin dutse, tana nuna yaƙin da aka gwabza a shekara ta 8 ta mulkin Ramsis, wajen 1175 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A gefe guda yaƙin ruwa ne. Jiragen baƙin suna da kan tsuntsu gaba da baya, mayaƙan cikinsu na riƙe da garkuwa zagayayya da doguwar takobi, a kansu wata hula mai tsaye-tsaye kamar an jera gashin tsuntsu, an ɗaure ta da maɗauri a haɓa. Maharban Masar na bakin gaɓa suna ta sakin kibau, wani jirgin ya kife, mutane sun cika ruwa. Rubutun da ke kusa ya lissafa ƙabilu biyar da suka haɗa kai, Feleset na cikinsu, ya kuma ce babu ƙasar da ta iya tsayawa a gabansu, daga daular Hatti har Karkemish da tsibirin Alashiya, wato Ƙubrus.

Amma inda na daɗe a tsaye shi ne zanen yaƙin tudu. A tsakiyar dawakai da karusan yaƙi akwai amalanke mai ƙafar katako, shanu na jan ta, mata da yara a ciki, wasu sun ɗaga hannuwa sama. Rundunar da ta fito cin ganima ba ta ɗauko mata da jarirai a amalanken shanu. Waɗannan masu ƙaura ne, sun baro gida a lokacin da manyan daulolin gabashin Bahar Rum ke rugujewa ɗaya bayan ɗaya, suna neman inda za su sauke kaya. Fir'auna ya rubuta cewa ya murƙushe su. Wata doguwar takarda ta zamaninsa, wadda yanzu ke ajiye a Landan, ta ce ya zaunar da kamammun a garuruwan tsaronsa. Masana na jayayya ko shi ya zaunar da su ko su suka ƙwaci wurin da ƙarfinsu. Abin da ba a jayayya a kai shi ne, ba a jima ba sai ga su a kan mafi albarkar ƙasar gaɓar kudancin Kan'ana, a bisa hanyar da ta haɗa Masar da Sham, cikin birane biyar: Gaza, Askalan, Ashdod, Ekron da Gat.

Abokin tafiyata dattijo ne, malamin hadisi, kuma ziyarar Masallacin Ƙudus ce ta fito da shi daga gida. Nima ita ce babbar niyyata. Sai dai ina koyar da tarihi, kuma na daɗe ina jin nauyin yadda muke sanin waɗannan mutane. Mu dai Jalutu muka sani, wanda Annabi Dawud (AS) ya kashe, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara. Alƙur'ani bai ambaci sunan ƙabilarsa ba. Baibul ne ya ce Bafiliste ne daga Gat. Duk wanda ya bar mana labarinsu abokin gabarsu ne: Masarawa, Bani Isra'ila, Assuriyawa, Babilawa. Su da kansu ba su bar littafi ba. Wanda ke son jin ta bakinsu sai ya je ya duba abin da ƙasa ta rufe.

Daga Alƙahira muka tashi zuwa Amman, muka ƙetara gada muka shiga Ƙudus, a watan Nuwamba na 2022. Bayan mun kammala ziyara muka sami direba Balarabe ɗan gabashin birnin, muka gangara yamma. Lokacin tsinkar zaitun ne, a gefen hanya ana ta shimfiɗa tamfol a gindin bishiyoyi. Duwatsun Ƙudus suka yi ta raguwa har muka faɗa cikin ƙananan tuddai, muka bi ta kwarin da Larabawa ke kira Wadi as-Sunt, Yahudawa kuma Ela. Nan ne Baibul ya ce an yi karon Dawud da Jalutu. Rafin kwarin a bushe yake, cike da fararen duwatsu masu santsi. Idan ka bi shi yamma, shi zai kai ka gindin Gat.

Tall as-Safi ake kiran tudun yau. Fari ne fat ta gefe guda, saboda dutsen alli ne, ana hango shi daga nesa. Hawan ba wuya, amma Malam ya tsaya sau da yawa yana maida numfashi, ni kuma ina tsintar tsingaro ina dubawa ina mayarwa, don ko'ina ka taka akwai shi. A sama mutum yana ganin dalilin da ya sa aka kafa gari a nan: gabas duwatsun Yahuza, yamma fili shimfiɗe har teku. Duk abin da zai sauko daga tudu zuwa gaɓa, ko ya hau daga gaɓa zuwa tudu, ta nan zai bi. Farfesa Aren Maeir na Jami'ar Bar-Ilan ya fara haƙa a wurin a 1996, ya shafe kusan shekara 25 yana yi. Abin da ya fito ya nuna cewa a ƙarni na 10 da na 9 kafin Miladiyya Gat ya kai wajen hekta 50, yana cikin manyan biranen yankin baki ɗaya, da ganuwa da ƙofa da maƙera da wuraren bauta. A 2005 aka tsinci wani tsingaro da sunaye biyu a kai, an rubuta su da haruffan Kan'aniyawa amma sunayen ba na harshen yankin ba ne, siffarsu ta yi kusa da ta sunan Jalutu. Wannan bai nuna kabarin kowa ba, amma ya nuna irin sunayen da mutanen garin ke raɗa wa 'ya'yansu.

Wajen 830 kafin Miladiyya Haza'ilu sarkin Dimashƙa ya zo ya kewaye Gat. Bai afka wa ganuwa kai tsaye ba. Rami ya sa aka haƙa a cikin dutse, mai tsawon kusan kilomita 2.5, ya zagaye garin ta gefe uku don kada kowa ya fita ko agaji ya shiga. Har yanzu ana iya bin sawun ramin a jikin tuddan da ke kewaye. Masu haƙa sun tarar da gidaje a ƙone, ɗaruruwan tukwane a inda masu su suka bar su, da ƙasusuwan mutanen da ba a samu binnewa ba. Wasu masana na ganin cinikin jan ƙarfe ne ya jawo wa Gat wannan bala'i, domin ƙarfen da ake haƙowa a Fainan da Timna ta wannan yanki yake bi zuwa teku, Haza'ilu kuma yana son kasuwar ta koma hannunsa. Gat bai sake komawa yadda yake ba. A kan tudun akwai guntun ginin da 'yan Salibiyya suka yi a 1142, akwai kuma shingen ƙaya da tarkacen gidajen ƙauyen Falasɗinawa da ya zauna a nan har watan Yuli na 1948. Direbanmu ya nuna mana su da hannu, bai ce komai ba, muka sauko.

Ekron ba ta da nisa, arewa da Gat. Wanda bai san labarinta ba zai wuce ta, don tudun ya kwanta a cikin gonaki, da ƙyar ake bambance shi. Shi ya sa aka daɗe ba a tabbatar da inda take ba. Trude Dothan da Seymour Gitin suka haƙa ta daga 1981 zuwa 1996, kuma a shekarar ƙarshe suka ci karo da dutsen da ya kashe gardama. Na gan shi a gidan tarihi a Ƙudus kafin mu taho: farar ƙasa ce mai layi biyar na rubutu, yana cewa Akish ɗan Fadi, mai mulkin Ekron, ya gina wannan ɗaki don uwargijiyarsa, ya kuma jero kakanninsa. Fadi sananne ne a rubutun Assuriyawa. Shi ne sarkin da mutanensa suka ɗaure suka miƙa wa Hizkiya sarkin Yahuza saboda ya ƙi shiga tawaye, Sennakerib sarkin Assuriya ya zo a 701 kafin Miladiyya ya maido shi kan gado, ya kuma yanki ƙasar Yahuza ya raba wa sarakunan Ekron da Ashdod da Gaza. Harshen dutsen na Kan'aniyawa ne, dangin na Finikiyawa. Amma sunan sarkin da na abar bautarsa baƙi ne a yankin. Shekara 500 bayan amalanken Madinat Habu, harshe ya sauya, sunaye ba su gama sauyawa ba.

Abin da ya ɗaukaka Ekron a ƙarni na 7 kafin Miladiyya man zaitun ne. An ƙirga mamatsar mai 115 a gefen ganuwa, alhali ɗan kaɗan ne na garin aka haƙa. Ba a san wata cibiyar mai da ta kai ta ba a duk Gabas ta Tsakiya ta wancan zamani; ƙiyasin masana ya kama daga tan 500 zuwa 1000 a shekara. A ƙauyen Revadim da ke kusa an sake gina irin ɗakin matsar don masu ziyara, na kuwa tsaya na duba shi da kyau. A tsakiya akwai kwami na dutse mai kusurwa huɗu inda ake murƙushe 'ya'yan zaitun da abin nadi. Dama da hagu akwai randunan dutse biyu. Sai a zuba markaɗen a kwanduna saƙaƙƙu, a jera su a kan bakin randa, a ɗora doguwar gungumen itace wadda aka cusa kanta a wani rami a bango, a rataya manyan duwatsu masu huda a ɗaya ƙarshen. Nauyin ya danne kwandunan, mai da ruwa su tsiyaye, a bari man ya taso sama a kwashe. Aikin na 'yan watanni ne a shekara. A cikin ɗakunan an sami dunƙulen yumɓu masu yawa irin na rataya wa zaren saƙa, alamar cewa idan kakar zaitun ta wuce sai a koma saƙa, ba a barin ɗaki ko hannu ya zauna banza. An kuma tono tuluna da aka ɓoye gutsattsarin azurfa a ciki. Ba a fara buga tsabar kuɗi a yankin ba tukuna, azurfa ake yankawa a auna.

Wannan ya sauya mini hoton Bafiliste ƙwarai. Mutumin da na taso da shi a raina ƙato ne mai sulke. Wanda na tarar a Ekron mai lissafi ne, ya san nawa zai sayi zaitun daga manoman tudu, nawa zai sayar da tulun mai ga jirgin da zai kai Masar, nawa zai ware ya kai gaisuwa Nineba, babban birnin Assuriyawa, don a bar shi ya ci kasuwarsa.

Ashdod ba mu daɗe ba. Birni ne sabo da aka kafa a 1956, da babbar tashar jiragen ruwa, kufan tsohon garin kuma yana can gefe a cikin masana'antu. Akwai ƙaramin gidan tarihi na al'adun Filistiyawa, ya cancanci sa'a guda. A kufan nan ne Moshe Dothan ya tono 'yar siffar yumɓu ta mace wadda jikinta ya haɗe da kujera, da wani abin ɗora kasko mai makaɗa biyar, da mai sarewa da mai ganga da mai kiɗan tsirkiya. Tukwanensu kyawawa ne, farin fenti da zanen ja da baƙi, tsuntsu ya waiwaya yana gyara fiffike, irin salon da aka sani a Girka da Ƙubrus, amma da yumɓun gida aka gina su. Wato ba tukwanen aka shigo da su ba, maginan ne suka zo. Sun zo da murhun tsakar ɗaki, da irin tukunyar girkinsu, da cin alade, wanda a wasu unguwannin farko ya kai wajen kashi 20 cikin 100 na ƙasusuwan dabbobin da aka tono, alhali maƙwabtansu na tudu kusan ba sa taɓa shi. Ashdod ta yi wa Sargon na Biyu sarkin Assuriya tawaye ƙarƙashin wani mai suna Yamani, aka ci ta wajen 711. Yamani ya gudu kudu, daga baya sarkin Kush, na ƙasar Sudan ta yau, ya sa masa mari ya aika wa Assuriyawa da shi.

Askalan ce zuciyar tafiyar. Ita kaɗai a cikin biyar ɗin ke zaune daidai bakin ruwa kuma ana iya takawa a zaga ta. Yanzu wurin shaƙatawa ne, da ciyawa da bishiyoyi, iyalai na gasa nama, yara na guje-guje. Amma da ka ɗaga kai za ka ga wata babbar ganuwar ƙasa ta yi rabin da'ira, ta faro daga teku ta koma teku, ta rungume wajen hekta 60. Kan'aniyawa suka tara ta tun kafin zuwan Filistiyawa da ƙarnuka, duk wanda ya zo bayansu kuma a kanta ya ɗora tasa. A arewa akwai ƙofar da aka gina wajen 1850 kafin Miladiyya, da tubalin laka, mai baka a sama, tana cikin mafi daɗewar irinta a duniya. Da na shiga zaurenta, sanyin laka da ƙamshinta suka tuna mini tsofaffin ƙofofin badalar Kano kafin a sa musu siminti. A gangaren da ke wajen ƙofar, kan hanyar da ke sauka zuwa teku, aka sami ɗan maraƙin tagulla mai rufin azurfa a 1990, a wani ƙaramin ɗakin bauta da matuƙan jirgi ke ratsawa.

Gaɓar nan miƙaƙƙiya ce, ba ta da lungun da jirgi zai fake. Masana na ganin manyan jirage can nesa suke tsayawa, ƙananan kwale-kwale su yi ta jigila. Abin da Askalan ke da shi ruwan daɗi ne a ƙarƙashin ƙasa, rijiyoyi birjik a cikin ganuwa, ga ƙasar noma, ga babbar hanyar Masar ta bayanta. A 1999 Robert Ballard da Lawrence Stager suka binciki jiragen Finikiyawa biyu na ƙarni na 8 kafin Miladiyya a ƙasan teku, can yamma da wannan gaɓa, a zurfin mita 400, maƙare da tulunan giyar inabi. Irin zirga-zirgar da ke wucewa ta gaban garin ke nan.

Stager, na Jami'ar Harvard, shi ya jagoranci haƙar Askalan da aka fara a 1985 aka rufe a 2016. Babban abin da suka tono, a ganina, kasuwar garin ce kamar yadda take ranar da aka ƙone ta. Titi ne da shaguna a jere. Ga shagon mai giya da 'yan ludayen awo. Ga na mahauci da ƙasusuwan da aka sare. Ga wani ɗaki da duwatsun awo da gutsuren sikelin tagulla, da tsingaro mai rubutun cinikin hatsi da azurfa. Alkamar da ta ƙone a wurin an bincika ta, irin ciyawar da ta gauraya da ita ya nuna wata daga ƙasar Yahuza aka kawo ta. Akwai tukwanen Girka daga Kiyos da Samos da Korinti, akwai kayan tagulla na Masar, akwai ƙayar kifin Nilu. Can gaba akwai babban gidan matsar inabi. A cikin wani shago kuma aka tarar da ƙasusuwan wata mata a kwance tsakanin fasassun tuluna, an fasa mata kai.

Ranar da wannan ya faru sananniya ce kusan har wata. Tarihin Babila ya rubuta cewa a watan Kislimu na 604 kafin Miladiyya, wato tsakanin Nuwamba da Disamba, Nebukadnezzar, wanda littattafan Larabci ke kira Bukhtanassar, ya ci Askalan, ya kama sarkinta, ya kwashe dukiyarta, ya mai da ita tsibin ƙasa. Shekara guda kafin nan ya karya rundunar Masar a Karkemish. Assuriyawa, duk da zaluncinsu, sun ɗauki biranen gaɓa a matsayin hanyar samun kuɗi, suna karɓar haraji su bar su a raye. Nebukadnezzar ya ga cewa muddin waɗannan birane na tsaye, cinikinsu da zuciyarsu na wajen Masar, sai ya zaɓi ƙona su. Ekron ta bi baya a daidai wannan lokaci, mamatsan man nan suka tsaya cak. Aka kwashe mutane zuwa Iraƙi. A cikin allunan rabon abinci na fadar Babila an ga 'ya'yan Aga sarkin Askalan suna karɓar rabonsu, kuma bayan kusan ƙarni biyu akwai ƙauyuka kusa da Nippur masu ɗauke da sunan Askalan da Gaza. Daga nan ba a ƙara jin wata al'umma da ke kiran kanta Filistiyawa ba. Sunan dai ya zauna wa ƙasar, Girkawa irin su Herodotus suka riƙe shi, ya gangaro har ya zama Falasɗinu. Amma kuskure ne a ɗauki Falasɗinawan yau a ce su ne mutanen Jalutu kai tsaye, ko don yabo ko don zagi. Ina jin ana yin haka a wa'azi da a siyasa, kuma ƙasar da na taka ba ta goyi bayansa ba.

A wajen ganuwar Askalan ta arewa aka gano maƙabartar Filistiyawa a 2013, mutum sama da 200, yawanci a kwance rigingine a rami, da 'yar kwalbar turare kusa da fuska. A 2019 aka fitar da sakamakon binciken ƙwayoyin gado na mutum 10 daga Askalan. Jarirai huɗu da aka binne a ƙarƙashin daɓen gidaje a ƙarni na 12 kafin Miladiyya suna ɗauke da jinin da ya yi kama da na kudancin Turai, wanda mazauna garin na gabaninsu ba su da shi. Bayan ƙarni biyu wannan alama ta narke, ba a ganinta. Baƙin sun zo da gaske, daga hayin teku, kamar yadda Baibul ya ce daga Kaftor, wadda aka fi ɗauka tsibirin Kirit ce. Amma sun yi auratayya da 'yan ƙasa har jini ya zama ɗaya, suka ci gaba da zama Filistiyawa ta hanyar birni da sana'a da abin bauta.

Muka gangara bakin ruwa wajen la'asar. Ginshiƙan dutse na zamanin Rumawa sun leƙo daga jikin rusasshiyar ganuwa, magina na baya suka kwantar da su a ciki don ƙarfafa ta. Malam ya zauna a kan wani guntu, ya daɗe yana kallon teku, sannan ya ce, "Ɗana, tun ina ƙaramin ɗalibi nake karanta al-Askalani a bangon Bulugul Marami da Fathul Bari. Ban taɓa kawowa a raina cewa gari ne mai ƙasa da ruwa har zan zauna a cikinsa ba." Na ce, "Allah ya gafarta Malam, shi kansa Ibn Hajar bai tarar da shi a tsaye ba." A Masar aka haife shi a 1372, nasabar kakanni ce ya gada. Salahuddin ya rushe ganuwar a 1191 don kada 'yan Salibiyya su fake da ita, Sultan Baibars kuma ya ƙarasa garin a 1270 bisa wannan dalili. Abin da Nebukadnezzar ya yi ke nan, saboda tsoro iri ɗaya, bayan shekara kusan 1900. Malam ya yi alwala da ruwan gora, muka yi salla a kan yashi, ya yi wa Ibn Hajar addu'a mai tsawo.

Daga kan ganuwar kudu ana ganin dogayen bututun tashar lantarki, bayansu kuma Gaza ce, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a a mota ba in da hanya a buɗe take. Ba a buɗe take ba. Direbanmu ya ce, "Alhaji, iyakarmu nan." Dangin mahaifiyarsa mutanen Majdal ne, garin masaƙa da ke nan gefen kufan Askalan, wanda aka kwashe sauran mazaunansa zuwa Gaza ya zuwa 1950. Tsohon masallacin Majdal na nan a tsakiyar sabon birnin, an mai da shi gidan tarihi.

Gaza ce ta fi sauran huɗun daɗewa a kasuwa, kuma ita ce aka fi ƙarancin sani a kanta, don garin bai taɓa tashi daga inda yake ba. Birnin Filistiyawa na ƙarƙashin gidajen mutane. Ita ce zangon ƙarshe kafin hamadar Sina'i, kuma nan ayarin raƙuma daga kudancin Larabawa ke sauke lubban da mur don a loda wa jirage. Saboda haka Tiglat-Fileser na Uku ya ci ta a 734 kafin Miladiyya, sarkinta Hanunu ya tsere Masar, aka maido shi aka kafa wurin karɓar kuɗin fito na Assuriya. Saboda haka kuma Iskandar sarkin Makidoniya ya tsaya ya kewaye ta a 332, da ya ci ta ya aika wa tsohon malaminsa lodin turare. Wannan hanya ba ta mutu da Filistiyawa ba. Ita Ƙuraishawa ke bi a tafiyar bazara da Alƙur'ani ya ambata, kuma a Gaza Hashim ɗan Abdu Manaf, mahaifin Abdul Muɗɗalib kakan Manzon Allah (SAW), ya rasu yana fatauci, har ake ce mata Gazzatu Hashim. A nan aka haifi Imam Shafi'i a shekara ta 150 bayan Hijira.

Na so in tsaya a masallacin Sayyid Hashim, in ga Babban Masallacin Umari, in taka Balakhiyya inda tsohuwar tashar jirage take. Wata 11 bayan mun juyo yaƙi ya ɓarke. A Disamba 2023 aka rushe mafi yawan Masallacin Umari, kuma asarar rayukan da aka yi ta fi ƙarfin a haɗa ta da asarar gini. Kayan tarihin Gaza sama da 500 da aka kai baje koli Geneva a 2007 ba su samu hanyar komawa gida ba tun lokacin, suna ajiye a can cikin akwatuna, kuma wannan ne ya tsirar da su. A Afrilu 2025 aka fito da wani ɓangarensu aka nuna a Cibiyar Duniyar Larabawa da ke Paris: tulunan mai da na inabi, fitilun yumɓu, da daɓen ado na tsofaffin majami'u.